PT100: waya biyu, uku ko huɗu, kuma a ina za a kafa tiransimitar?

Masu aikin fanel da gyaran injinan kamfani, akwai tambayar da bata ƙarewa a tsakaninmu. Mutum ya sayo sensar zafi PT100 yaga wayoyi uku sun fito daga gindinta, ya buɗe tiransimita yaga taminal huɗu, ko kuma tasa sensar waya biyu ce kacal alhali abinda zai auna yana can ƙuryar kamfani nesa da fanel, sai kaji wani yace ai duk ɗaya ne oga, ɗaura jamfa, wato guntun wayar da ke haɗa taminal biyu, kawai zata karanta. Eh zata karanta, lamba zata fito a allo, amma ko lambar gaskiya ce wannan kuma wata magana ce daban.

Ita PT100 ɗan siririn filatinom ne da turjiyarsa ke ƙaruwa idan zafi ya ƙaru. Da om ake auna turjiya, a digiri 0 om 100 ce cif, a digiri 100 kuma om 138.5, wato kowane digiri ɗaya wajen om 0.385 ne, ka riƙe wannan lambar da kyau don duk rigimar a kanta take. Tiransimita tana tura ɗan karant kaɗan, 1mA ko ƙasa da haka, ta auna boltejin da ya faɗi, ta lissafo om, sannan ta juya shi zuwa 4-20mA, wato karant ɗin da ke kai karatun zuwa allo. Matsalar ita ce bata san inda filatinom ya ƙare wayarka ta fara ba, duk om ɗin da ta tarar a hanya zata haɗa ta kira shi zafi. Kamar mahauci ne ya ɗora maka nama a sikeli da kwanonsa, in ba a cire nauyin kwanon ba kai zaka biya.

Mu fara da waya biyu tunda ita ce mafi araha kuma ita tafi cutar mutane. Kebul na jan ƙarfe mai kaurin 0.5mm² kowace mita ɗaya tana da wajen om 0.035. In nisan mita 30 ne, zuwa da dawowa mita 60 kenan, om 2.1, ka raba da 0.385 zaka samu kusan digiri 5 da rabi na ƙarya, kuma kullum sama take ƙarawa, bata taɓa ragewa. Toh ka ɗauka ɗakin sanyi ne na ajiye allurar rigakafi wanda ƙa'idarsa digiri 2 zuwa 8, allo yana nuna 5 kowa hankalinsa kwance, alhali cikin ɗakin ya sauka ƙasa da sifili, kuma akwai rigakafin da daskarewa ke lalatawa gaba ɗaya, irin na ciwon hanta da na tetanus. A injin ƙyanƙyasar ƙwai ma haka, allo na nuna 37.7 ƙwai kuma suna zaune a 35 da wani abu saboda an ƙara 'yar siririyar waya mita biyar, sai a zo ana zargin mai sayar da ƙwai. Wannan lissafin ma fa in wayar jan ƙarfe ce ta gaske, in ka faɗa kan irin wadda alminiyam ne a ciki aka shafe bayansa da jan ƙarfe, wadda ake samu a kasuwa, ka ƙara wajen rabin abinda muka lissafa a kai.

Wani zai ce toh ai sai in rage digiri 5 da rabin a saiti shikenan. Ana yi, tiransimitoci da yawa ma suna da gurbin da zaka rubuta om ɗin waya su cire da kansu. Amma jan ƙarfe shima turjiyarsa tana motsi da zafi, kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri, kebul ɗin da ya bi ta ƙarƙashin rufin kwano da asubar hunturu yana digiri 15, da azahar a watan Afrilu ya haura 50, kaga om 2.1 ɗin nan ya motsa da kusan 0.3, wajen digiri ɗaya kenan yana yawo tsakanin safe da rana, kuma babu saitin da zai kama wannan. Ni a wajena waya biyu da PT100 iyakarta mita ɗaya ko biyu, ko inda tiransimita ke zaune a kan sensar. Shi kansa ma'aunin IEC 60751, ƙa'idar duniya ta irin waɗannan sensoci, bai yarda a kira sensa aji A, wato mai ƙarancin kuskure, ba in waya biyu ce, don haka in kaga an rubuta aji A a kwali ga waya biyu na reto ka san akwai sauran magana.

Sai dai akwai inda waya biyu ke da mutunci, wato in sensar PT1000 ce. Ita om 1000 ce a digiri 0, kowane digiri om 3.85, kenan wancan kebul ɗin na mita 30 kuskurensa ya koma rabin digiri da ɗoriya, in ka cire shi a saiti abinda zai rage bai kai a damu ba. Shi yasa masu na'urar sanyaya gini da hita mai aiki da rana suka fi sonta. Abin lura kawai, dole tiransimita ko kontirolar ta san PT1000, arahar nan da yawa PT100 kaɗai suka sani, kuma karant ɗin da za a tura mata ya zama ƙarami kamar 0.1 zuwa 0.3mA, don in ka tura 1mA cikin om 1000 sensar zata fara ɗumama kanta ninki goma akan yadda PT100 zata yi, musamman in a cikin iska take ba ruwa ba.

Waya uku ita ce abincin yau da kullum a masana'anta, daga Sharada a Kano zuwa Kakuri a Kaduna in ka buɗe kan sensa galibi ita zaka tarar. Biyu launinsu ɗaya, yawanci ja da ja, ɗaya kuma fara, jajayen nan biyu a ƙafa ɗaya ta sensar suke haɗe. Dabarar mai sauƙi ce, tiransimita ta auna tsakanin ja da ja ta samu om ɗin waya zalla babu filatinom a ciki, ta auna tsakanin ja da fara ta samu filatinom haɗe da waya, sai ta debe na farko daga na biyu. Wasu kuma karant biyu masu daidai da juna suke turawa ta wayoyi biyu don faɗuwar boltejin ta kashe juna, sakamakon ɗaya ne. Amma ka lura, bata auna farar wayar ba, ɗauka tayi cewa daidai take da ja. Duk ƙarfin waya uku a kan wannan zaton yake tsaye. In wayoyin uku daga kebul ɗaya suka fito, kauri ɗaya tsawo ɗaya, zafi ɗaya ke dukansu, zaton ya zama gaskiya kuma ko mita 100 ne zaka samu karatu mai kyau. In kuwa kebul ya ƙare aka ciko ɗaya da guntun 1.5mm² sauran biyun 0.5, ko taminal ɗaya yayi tsatsa ya ƙara rabin om, toh rabin om ɗin nan digiri 1.3 ne kai tsaye, kuma wannan karon zai iya zuwa sama ko ƙasa, ya danganta da wayar da abin ya shafa.

Ga inda aka fi yin aika-aika. Sensa mai waya biyu, tiransimita an saita ta waya uku, sai a ɗaura jamfa a kan taminal ɗin tiransimitar don ta daina nuna matsala. Abinda akayi shine an ce mata waya bata da om ko kaɗan, tunda ja da ja ɗin da take aunawa guntun jamfa ne mai tsawon yatsa, ta cire sifili, ka koma waya biyu da duk kuskurenta amma a takarda an rubuta waya uku. In dole sai ka yi amfani da sensa mai waya biyu daga nesa, ka ja kebul mai uku har zuwa gindin sensar, a can zaka haɗa biyu a ƙafa ɗaya, ba a fanel ba.

Waya huɗu kuma babu zato a cikinta. Biyu su kai karant, biyu su dawo da boltejin daga kan filatinom ɗin, kuma tunda waɗanda ke aunawa kusan babu karant da ke bin su, babu abinda ke faɗuwa a kansu, ko ɗaya tafi ɗaya tsawo ko taminal ya ɗan yi datti karatun baya motsi. Ita ake sawa a ɗakin gwaje-gwaje, da wajen gwada wasu sensoci, da inda rabin digiri ke da tsada, misali dafa madara a digiri 72 na daƙiƙa 15, in ka gaza kaɗan ƙwayoyin cuta basu mutu ba. Kuɗin da zaka ƙara na waya ɗaya ne da tiransimitar da ta iya, kuma gaskiya yawancin masu saiti da kwamfuta na yanzu irin su Rosemount 644 ko WIKA T32 ko iTEMP na Endress+Hauser duk suna karɓar biyu, uku da huɗu. Shawarata in farashin bai yi nisa ba ka sayi sensa mai waya huɗu ko da yau uku kake buƙata, don mai huɗu tana komawa uku, mai uku bata komawa huɗu. Amma in zaka mayar da ita uku, ka naɗe ta huɗun da tef ka barta a gefe, kar ka murɗe ta tare da 'yar uwarta a taminal ɗaya wai don kar a yi asara, hakan zai raba om ɗin gefen gida biyu ka ɓata daidaiton da waya uku ke dogaro da shi.

Kuma kar a sa rai waya huɗu zata gyara sensa mara kyau. Aji B kuskurenta ya kai 0.3 a digiri 0, ya kai 0.8 a digiri 100, aji A kuma 0.15 da 0.35. Ka haɗa aji B da waya huɗu, abinda ka samu shine ka auna kuskuren sensar daidai wa daida.

Yanzu ga abinda ni nake ganin yafi yawan wayoyi muhimmanci, wato inda tiransimitar zata zauna. Hanya uku ce. Ko ka sa 'yar kewayayyar tiransimitar nan da ke shiga cikin kan sensar, ko ka sa mai hawa reli, dogon ƙarfen nan da ake jera kaya a kai, a cikin fanel, ko ka ja wayar sensar kai tsaye zuwa katin RTD, wato mai karɓar irin su PT100, na PLC, kwamfutar da ke sarrafa inji, ba tiransimita sam. Ta cikin kai ita ke kashe maganar tun daga tushe, om ɗin baya tafiyar da ta wuce taƙi ɗaya, daga nan 4-20mA ne ke tafiya a waya biyu ta talakawa, shi kuwa karant abinda ya shiga shi zai fita ko mita ɗari biyar ne, kuma hayaniyar VFD, na'urar canza gudun moto, da manyan motoci bata cika damunsa ba kamar yadda take damun 'yan milibolt ɗin da ke kan PT100. Rauninta zafi da ruwa. Yawancinsu iyakarsu digiri 85 ne a jikinsu, in kan sensar na manne da bangon tanda ko bututun tururi ga kuma rana ta Sakkwato ko Maiduguri a kai, zata fara karatun banza kafin ta mutu, sai dai a sa sensa mai dogon wuya ko a ɗauke tiransimitar zuwa wani akwati a gefe. Da damina kuma in gilan, wato mashigar kebul, na kallon sama ruwa zai bi waya ya taru a cikin kan. Ta reli tana cikin inuwa, gyaranta da sauƙi ba sai ka hau tanki ba, amma ka dawo kan dogon kebul mai uku ko huɗu, mai ragar kariya, a ɗaure ragar da atin, wato wayar ƙasa, a gefe ɗaya kawai, kuma kar a kwantar da shi a tire ɗaya da wayar moto. Ka duba takardarta ma, kowace tana da iyakar om ɗin da zata iya cirewa a kowace waya, wata 10 wata 50. Katin PLC kai tsaye yana da riba in sensoci da yawa ne kuma duk kusa da fanel, kamar PT100 shida ɗin da ake binnewa a cikin nadin babban moto, amma a irin wannan wajen ka tabbatar akwai rabuwar wuta tsakanin shiga da fita, don ranar da nadin ya huda sensa kar ya tafi da PLC ɗin gaba ɗaya.

A taƙaice dai in nisa ya wuce mita goma sha wani abu kuma wajen ba wuta-wuta bane, ni ta cikin kai nake zaɓa da waya uku.

Sai saiti, inda aiki mai kyau ke lalacewa a minti biyu. Nau'in sensa da yawan waya dole su dace da abinda ka ɗaura da hannunka. Sannan akwai lanƙwasa, wato yadda om ke hawa da zafi, mafi yawan abinda ke kasuwa 385 ne na IEC, amma tsofaffin injinan Japan da wasu na Amurka suna zuwa da 3916, wadda a digiri 100 take ba da om 139.16, in ka cakuɗa su ka samu kusan digiri 1.7 a banza. Sai renji, wato wane zafi ne 4mA wane ne 20mA. Kar ka buɗe shi fiye da buƙata, tiransimitar da kuskurenta kashi 0.2 cikin ɗari ne na faɗin renji, a 0 zuwa 400 digiri 0.8 kenan, a 0 zuwa 50 kuma 0.1. Masu arahar nan na Sin renjinsu a kafe yake, an buga a jiki, sai 'yan sukurori biyu na ziro da sifan masu daidaita ƙasa da saman renjin, don haka tun a shago zaka zaɓa. Kuma abinda ka sa a tiransimita shi zaka sa a PLC. Akwai tarko mai ban haushi a nan, tiransimita mai -50 zuwa 150 da PLC da aka saita 0 zuwa 100 duk biyun a 12mA digiri 50 zasu ce, in a nan kaɗai ka gwada zaka rantse komai daidai ne, amma a 8mA ɗaya na nufin 0 ɗaya na nuna 25. Gwaji a wuri biyu ake yi, ƙasa da sama.

Abu na gaba da ake mantawa, me zata yi in sensa ta tsinke. Ƙa'idar NAMUR NE43 ta ce karatu na gaskiya yana tsakanin 3.8 da 20.5mA, alamar matsala kuma 3.6 zuwa ƙasa ko 21 zuwa sama. In hita kake sarrafawa ka zaɓi sama, kontirola zata ɗauka zafi yayi yawa ta kashe wuta. In ka zaɓi ƙasa zata ɗauka abin yayi sanyi ta buɗe wuta har sai wani abu ya ƙone. A ɗakin sanyi kuma lissafin ya juye, sama na nufin kwamfuresa ba zata huta ba har kaya su daskare, ƙasa na nufin ta tsaya kaya su yi ɗumi, babu mai daɗi a ciki, don haka a nan dole PLC ta gane 3.6 ko 21 a matsayin matsala ta buga ƙararrawa. Tacewar hayaniya kuma ka sa 50Hz, wutarmu a Najeriya da Nijar 50 ce, kayan da aka kera don Amurka sau da yawa da 60 suke zuwa, sai kaga lamba ta ƙarshe tana rawa ka rasa dalili. Damfin, wato jinkirin da ake sawa don lamba ta daina rawa, kar ya wuce 'yan daƙiƙu, sensa a cikin kuben ƙarfe dama tana da jinkiri.

Wutar layin ma a lissafa. Tiransimita mai waya biyu ta gefen fita daga cikin 4-20 ɗin take cin wuta, kuma tana son a bar mata wajen 8 zuwa 12V gwargwadon kamfani. Da 24V, in ta ɗauki 12 saura 12, ka raba da 0.023 don ranar da zata nuna matsala, wajen om 520 kenan duk layin zai ɗauka. Rasista 250 guda ɗaya da ke juya karant zuwa 1-5V lafiya lau, in ka jera biyu don allo da PLC ka kai bakin gaɓa. Masu son su ɗora a batirin sola 12V kai tsaye, ba zai kai ba, a ƙasan renji zata yi daidai amma zafi na hawa sai karatu ya maƙale, a sa ɗan abin ɗaga wuta zuwa 24.

Ɗalibai da masu haɗa allon kayan lantarki da kansu, zaɓinku ya danganta da inda karatun zai je. In 4-20mA kake son fitarwa, XTR105 na Texas Instruments an yi shi ne don wannan, yana da karant biyu na 0.8mA da gyaran lanƙwasa a ciki, rasistoci kaɗan zaka lissafa don renjinka. In Arduino ko ESP32 ne, MAX31865 yafi sauƙi, amma ka duba rasistar ma'auni da ke kan allon, 430 ta PT100 ce 4300 ta PT1000, kuma rubutun jikinsu na ruɗarwa, wadda aka rubuta 4300 ita ce om 430, mai 4301 ita ce om 4300. In rasistar mai kuskuren kashi 1 ce, ka tashi da digiri 2.6 tun kafin ka fara, a nemi mai 0.1. Waya uku a allon sai ka yi soda a jamfa ka yanke wani siririn layi, sannan ka faɗa masa a kod, kuma shima da 60Hz yake tashi. Wanda ke son fiye da haka ya duba ADS1220. Kowanne ka ɗauka kar ka raba da 0.385 kawai kace ka gama, layin ba miƙaƙƙe bane, a digiri 200 PT100 om 175.86 ce, lissafin kai tsaye zai baka 197, a 300 kuma 291, a yi amfani da lissafin Callendar-Van Dusen ko tebur.

Kafin ka bar shago ka sa maltimita. A zafin ɗaki na digiri 30 PT100 zata nuna wajen om 111.7, PT1000 wajen 1117, in kaga om biyu ko uku tamokoful aka baka, wata irin sensar zafi daban, in kaga dubu takwas kuma tana sauka in ka riƙe a hannu NTC ce, wadda turjiyarta ke sauka in zafi ya hau. Ka fara haɗa bakin wayoyin mitar kaga nasu om ɗin ka cire, don sukan kai 0.3. Bayan haɗawa, cire sensa ka sa rasista 100 mai kyau a can ƙarshen kebul ɗin inda sensar take, ba a fanel ba, allo ya nuna 0. Ita kuma sensar a dandaƙa ƙanƙara a zuba ruwa kaɗan a tsoma ta ana juyawa, aji B ta tsaya tsakanin 99.88 da 100.12. Tafasasshen ruwa kuwa a yi hattara da shi, 100 ɗin nan a bakin teku ne, a Kano ruwa na tafasa a wajen 98 da rabi, a Jos wajen 96, in ka murɗa sifan har allo ya nuna 100 a can ka sa kuskuren digiri huɗu da hannunka. Renjin da yawan wayar da ka saita kuma ka rubuta su da alƙalamin maka a cikin murfin kan sensar, don wanda zai zo canza ta bayanka da dare bashi da kebul ɗin saiti.